Amfilifayar Baba Adi

Ku samarin da kuka cika layinmu da rumfunan gyaran waya, ina jin ku in kuna wucewa ta ƙofar shagona. Wani ya leƙo ya ga tsofaffin rediyoyi jibge har rufi, ya ce wa ɗan'uwansa wannan ai gidan tarihi ne. Wani kuma ya ce aikin ba wuya, ka kalli bidiyo, ka cire abin da ya ƙone, ka sa sabo. To madalla. Ni dai na fi shekara talatin ina shaƙar hayaƙin dalma a unguwar Sintali, amma har yau in zan buɗe bayan amfilifaya sai na yi bisimilla, don ban san abin da zan tarar ba. Tunda kun ce ba wuya, ku ja benci ku ji.

A hannun Oga Emeka na koyi aiki, lokacin da Jalingo ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Yola da katifunsu da rediyoyinsu. Shekarata ta farko ban taɓa ƙarfen dalma ba. Aikina shi ne warware ƙonannun taransifoma, ina jan wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, ina ƙirga zagayenta, duk ɗari in ja layi da alli a bango. In wani ya yi sallama na amsa, lissafi ya kuɓuce, Oga ba ya faɗa, sai ya miƙo mini wani in fara daga farko. Shi ya koya mini gyara da hanci. Warin ƙonannen taransifoma daban, na kwandensa daban, kamar kifin da ya kwana. Kafin in ɗora mita a kan na'ura na riga na san rabin ciwonta.

Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita, dokar fis. Fis ɗan ƙaramin gilashi ne da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, da siririyar waya a ciki. Aikinsa shi ne in wuta ta zo da hauka ya tsinke, na'ura ta tsira. A garin nan kuwa in fis ya mutu kowa injiniya ne. Wani ya naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli, wani ya ɗaure shi da waya, rediyo ta tashi, a yi ta murna. Ranar da Oga ya kama ni na yi haka ya sakar mini mari a ƙeya har hulata ta faɗa cikin kwandon shara. Ya ce, "Buba, kai ɗaure fis, kai kashe rediyo na mutane. Ba yau ba, amma kai kashe shi." Bayan shekaru ya tattara ya koma garinsu, ya bar mini shagon da benci da mitarsa mai allura, wadda har yanzu da ita nake aiki.

Wutar garin nan ba sai na ba ku labarinta ba, a cikinta aka haife ku. Amma ku ɗauke ta kawai kuka sani, wayarku na da batir. Mu abin da ke cin mu shi ne zuwanta. Wata rana ta zo a galabaice, abin da ake kira lo karen, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, fanka na juyi har kana iya ƙirga fukafukanta. Wata rana ta yi ta ƙiftawa, ta zo ta koma sau goma kafin ka idar da alwala. Waɗanda suka fi shan wahalarta su ne masu son kiɗa na gaske, masu manyan amfilifaya da sifiku na katako. Ba su taɓa yawa ba a Jalingo, galibinsu ma'aikata ne, kuma kusan duk ta hannuna suka bi. Ni nake naɗa musu sitabilaiza, wadda ke ɗaga wuta in ta yi ƙasa, ta danne ta in ta yi sama. Na kasuwa kwali ne da fenti. Tawa in ka ɗauka sai ka yi nishi.

A cikinsu duka babu kamar Baba Adi. Jukun ne mutumin Wukari, ya yi aikin safiyo har ya yi ritaya, ya zauna a gidansa a unguwar Nukkai. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Kayan kiɗansa ya sayo su tun yana matashi, lokacin da aka tura shi kwas ƙasar waje: amfilifaya mai fuskar azurfa da allurai biyu masu haske ruwan zuma, garmaho, na'urar kaset, da sifiku biyu da suka kawo mini ƙugu. Ranar da ya fara zuwa shagona bai kawo komai ba sai kansa. Ya ce, "Malam Buba, akwai ƙuda a cikin sifika na hagu. Zo ka ji shi." Na bi shi gida, ya kunna, na kasa kunne, ban ji komai ba sai kiɗa. Na ce Baba lafiyarta ƙalau. Ya nuna mini kujera ɗaya a tsakiyar falo, ya ce in zauna, in rufe ido, in yi shiru. Na zauna ina cewa a raina tsufa ya fara taɓa mutumin nan. Can sai na ji shi, 'yar zizar da ba ta kai numfashi ba, a ƙarƙashin goge. Kwandensa ɗaya ce ta bushe. Daga ranar na daina yi wa kunnen Baba Adi gardama.

Yana da tsarabe-tsarabensa. In an kawo wuta ba ya kunnawa nan take, sai ya tsaya gaban mitar sitabilaiza ya zuba wa allura ido na minti goma, ya tabbata ta natsu. Janareta kuwa ko kusa. Ya ce ƙazamar wuta ce, kuma mutum ba zai saurari kiɗa injin na ihu a bayan taga ba. In babu wuta sai ya zauna ya goge faya-fayensa da ƙyalle, ya jira. A shekarun nan layinsu ya fi samun wuta ranar Asabar da rana, shi ya sa na fara zuwa duba masa kaya ranar Asabar bayan azahar. Tun ina zuwa da akwatin aiki har na koma zuwa hannu rabbana. Ya ja mini kujera kusa da tasa, ya kawo zoɓo, ya ɗora allura a kan faifai. Kiɗan Kwango, hailaif, mawaƙan coci, wani lokaci wani kiɗan Turawa da babu waƙa a ciki. Ba ma hira. In la'asar ta yi ya ɗaga allurar da kansa, akwai buta da tabarma da ya ajiye domina a baranda.

Ban ɓoye muku ba, ni ma ba ni da wani wurin. A gida iyalina sun ɗauka aikin rediyo aikin rediyo ne, in na ce wannan sifika na da zurfi sai su dube ni kamar na yi yaren aljanu. A majalisa ana ta siyasa da farashin taki. Mutum ɗaya ne a duk garin nan da in ganga ta faɗo daidai zan waiga in ga shi ma ya waigo.

Wata Asabar, farkon bazara, wuta ta ƙifta sau uku a jere, amfilifaya ta yi ɗif. Na juya ta, na murɗe ɗan murfin da ke baya, na ga fis ya tsinke, ya yi aikinsa. Na laluba aljihu, babu irinsa. Nata ba irin na kasuwa ba ne, mai haƙuri ne, wanda ba ya tsinkewa da ƙaramin motsi, kuma ragowar da nake da su suna shago. Ga wuta ta dawo ta zauna daram, ga faifai a kan garmaho, ga Baba ya shiga ciki ɗauko zoɓo. Zuwa Sintali da dawowa a keken haya mai ƙafa uku zai cinye mana rabin yinin. Na ga guntuwar wayar fitila a kan taga. Na feɗe ta da haƙori, na zaro silli huɗu, na murɗa su, na ɗaure fis ɗin daga kai zuwa kai, na mayar. Allurai suka haska. Baba ya fito da kofuna ya ce, "Ya tashi?" Na ce ta tashi. Ban ƙara komai ba. A raina na ce Asabar mai zuwa zan zo da na gaske.

Na zo da shi kuwa. Ya yi mako uku a aljihun rigata. Duk zuwan da zan yi sai in tarar kiɗa na tashi, in ce bari faifan nan ya ƙare, sannan in ji nauyin juya amfilifaya a gaban mai ita, don zai tambaya me ya faru. Daga baya aka wanke rigar da fis ɗin a ciki. Daga nan kuma na manta, yadda ake manta duk abin da bai yi ƙara ba.

Da damina ta kankama aka yi wata iska da hantsi, ranar Laraba. Waya ɗaya, wadda muke kira nutural, ta tsinke a kan falwaya a Nukkai. In ita ta tsinke ba ɗauke wuta ake yi ba, ninkuwa take yi. Gidan da ya saba samun ɗari biyu da ashirin sai ya samu kusan ɗari huɗu. Ƙwayayen fitila suka yi ta fashewa, firji da talabijin suka yi ta hayaƙi a unguwa guda. Baba Adi na zaune yana sauraron kaset. Sitabilaizata, wadda nake taƙama da ita, ta ƙone nan take, kafin ta mutu kuma ta miƙa wutar yadda ta zo. Fis ɗin garmaho ya tsinke, garmaho ya tsira. Na kaset ya tsinke, ta tsira. Amfilifaya ce kaɗai ta tsaya ta sha wutar har ƙarshe, don babu abin da zai tsinke a cikinta.

Washegari ya kawo ta a keke, naɗe da bargo, ya riƙe ta a cinya. Tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mini komai. Ya ce, "Wuta ya kashe shi, Malam Buba. Ka duba ko akwai rai." Na ce zan duba. Da ya tafi na murɗe murfin baya, ga sillina huɗu nan lafiya lau, ko baƙi ba su yi ba. Na zare su na jefa a kwata. Ciki kuwa taransifoma ya zama gawayi, taransistoci takwas masu ƙara wa kiɗa ƙarfi sun tafi, allon da aka jera kayanta a kai ya ƙone har ya huje a wuri biyu.

Shekarar ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Za ku ce ai unguwa guda ta ƙone, aiki ya samu. An kawo kaya kam, har na rasa wurin taka ƙafa. Amma da mutum ya ji abin da gyara zai ci, sai ya je kasuwa ya sayo 'yar sifikar roba mai batir da ake haɗawa da waya, ya bar mini gawar tasa. Rabin abin da kuke gani jibge a nan daga shekarar ne, masu su ba su dawo ba. Sai in wuni ban ji sallamar kowa ba. Ni da amfilifayar Baba Adi ne kawai a shagon.

Taransifoman na fara kamawa. Ba a sayar da irinsa, sai dai a naɗa. Na zare faranten ƙarfensa ɗaya bayan ɗaya, na fara warware wayar, amma ta narke ta manne, tana tsinkewa a hannuna. In ka rasa lissafin zagaye ka rasa komai, don ƙari kaɗan ko ragi kaɗan zai canza wutar da na'ura ke sha. Kwana tara na yi ina ɓamɓarowa da allura, ina jan layi a bango, na rufe ƙofa don kada wani ya yi sallama. Na naɗa sabo, na jiƙa shi da banish irin na kafintoci, na shanya. Na gwada, ya yi zafi. Na warware na sake. A karo na uku ya zauna shiru, sanyi ƙalau. Allon kuma na ɗinke shi da waya, layi bayan layi, ina duba na ɓangaren da bai ƙone ba.

Taransistocin ne suka cinye watanni. Na ba wani direba saƙo zuwa Onica, ya kawo mini masu lamba daidai, suna ƙyalli. Na sa su, ba su yi minti biyu ba suka fashe. Na fasa ɗaya na duba, abin da ke ciki bai kai ƙwayar gero ba, jabu ne. Na sake aikawa, aka sake kawo jabu. A ƙarshe wani tsohon abokin aiki a Yola ya ce ya san wani otal da aka rufe, akwai irin amfilifayar nan a sito, ɓeraye sun yi gida a ciki. Na hau mota na je na kwance taransistocinta da hannuna.

Duk tsawon wannan lokaci ban taka Nukkai ba. Asabar ta farko na ce me zan je yi, babu abin saurare. Ta biyu na ce sai na gama in je masa da albishir. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Ba zan iya zama a kujerar nan in sha zoɓonsa, yana zagin wuta, ina gyaɗa kai ba. Ya kira ni a waya sau biyu ko uku, na ce ana kan aiki Baba, na katse da wuri. Daga baya ya daina kira.

Wata Alhamis wata mata ta yi sallama a shagon, da ganinta ba 'yar gari ba ce. Ta ce ita ce Rahila, 'yar Baba Adi, daga Abuja ta zo. Ta ce, "Malam, maƙwabta ne suka kira ni. Baba ba ya fita, ba ya cin abinci sosai, yana zaune a falo daga safe har yamma. Zan tafi da shi ranar Lahadi. Ya ce in tambaye ka kayansa." Na ce ta gaya masa ranar Asabar bayan azahar ina nan tafe.

Na gama ranar Juma'a. Na gwada ta da mita, na gwada ta da ƙwan fitila a layi yadda ake yi don kada wani abu ya sake fashewa, komai daidai. Na sa mata fis na gaske. Abin da ban yi ba shi ne sauraronta, don sifikun shagona ba su isa su faɗi gaskiyarta ba, kuma na ƙudurta kunnen mai ita ne zai fara ji.

Na same shi ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. An ɗaure kayan falo a kwalaye, saura kujerun nan biyu da sifiku da garmaho. Muka gaisa. Na ɗora amfilifaya a mazauninta, na jona wayoyi, na haɗa sabuwar sitabilaiza da na naɗa masa. Babu wuta. Ya ce tun Talata ba a kawo ba, amma yau Asabar, wataƙila. Ya zaɓi faifai, ya goge shi, ya ɗora, ya kunna makunnin fitilar falo don mu gani in ta zo. Muka zauna muna kallon ƙwan fitila.

Rahila ta leƙo ta ce maƙwabci na da janareta, bari ta aro. Baba ya girgiza kai. Ta dube ni ko zan sa baki. Na san da na ce Baba yau ɗaya ba komai, zai iya yarda. Amma wata bakwai na yi ina gyara abin da yau ɗaya ta ɓata, bakina bai iya furta ta ba. Ta koma ciki tana ƙunƙuni.

Na yi la'asar a baranda na dawo. Rana ta fara sauka a kan bango. A nan na ga in ban faɗa yanzu ba, ba ni da wata Asabar. Na ce, "Baba, ba wuta ce kaɗai ta kashe ta ba. Ni na ɗaure fis ɗinta da waya, tun bazara. Da na gaske ne a ciki, da babu abin da ya same ta."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na sani. Ran da ya ƙone na buɗe murfi na baya, na gan shi. Na mayar."

Na ce, "Kuma ka kawo mini ita?"

"Wa zan kai ma? Akwai wani?" Ya murza gwiwarsa. "Waya ƙaramin abu ne, Buba. Kowa yana kuskure da hannu. Amma Asabar ashirin da tara. Ina jawo kujera naka, ina yin zoɓo. Ko babu kiɗa, da ka zo mun zauna."

A duk watannin nan ina ƙirga zagayen waya, ban taɓa tunanin akwai mai ƙirga wani abu a Nukkai ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya wuce, ya turo mini kofin zoɓona. Muka ci gaba da kallon fitila har aka kira magariba a masallacin unguwa, ba ta zo ba.

Da na miƙe ya ce in nemo keke biyu. Gidan Rahila sama ne, ɗaki biyu, ga jikoki, babu wurin sifiku. Ya ce, "Ka tafi da su duka, da faifai. In ya yi ƙuda, ka san shi." Ya rako ni bakin ƙofa yana dafa bango. Da safe suka kama hanya. Na kira sau biyu bayan nan, Rahila ce ta ɗauka, ta ce yana barci. A karo na uku ta ce an kai shi Wukari an binne.

Wuta kuwa sai ranar Talata da hantsi aka kawo ta a Sintali, kwana biyu da tafiyarsa Abuja. Na rufe shago, na tsaya gaban mita minti goma har allura ta natsu, na kunna. Na ɗora faifan da ya zaɓa, na zauna a tsakiya, na rufe ido. Na nemi zizar nan a hagu, na neme ta a dama, babu. Kiɗa ya fito tas, kowace ganga a wurinta. A shekara talatin ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma babu wanda ya ji shi sai ni.